Ranar Mata: Bayan an watse taro, me ya rage wa matan Arewa?

Duk shekara, da zarar watan Maris ya kama, ɗakunan taro na otal-otal a Abuja da Kaduna da Kano kan cika da mata sanye da anko. Ranar 8 ga wata ita ce Ranar Mata ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara rayawa a 1975. Matan gwamnoni su yi jawabi, ma'aikatun harkokin mata su raba kekunan ɗinki da injinan markaɗe, bankuna da kamfanonin sadarwa su cika shafukansu na Facebook da hotunan ma'aikatansu mata. Washegari a kwashe kujeru, a sauke kyallayen sanarwa, sai kuma baɗi idan rai ya kai.

Babu laifi a taro. Abin dubawa shi ne abin da taron ke bari a bayansa, musamman a wannan lokaci da ake muhawara kan yi wa kundin tsarin mulki gyara domin ware wa mata kujeru a majalisun dokoki. Makomar wannan gyara tana hannun jihohin Arewa fiye da yadda mutane da yawa suka lura. Kuma a Arewa, hujjar da ta fi kowace nauyi a wannan muhawara tana cikin tarihin matan yankin kansu, tarihin da yake kulle a ɗakunan adana takardu da littattafan da ba kasafai ɗan kasuwa ko ƙaramin ma'aikaci ke cin karo da su ba.

Alƙaluman da taro bai sauya ba

A Majalisar Dattawa ta 10 mata huɗu ne cikin sanatoci 109: Ireti Kingibe daga Abuja, Natasha Akpoti-Uduaghan daga Kogi, Idiat Adebule daga Legas da Ipalibo Banigo daga Ribas. Babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas. A zaɓen 2007 mata tara ne suka shiga majalisar, wato baya aka ci. A Majalisar Wakilai matan ba su kai 20 ba cikin 360. A majalisun dokokin Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara kuwa, zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya ba. Majalisar Kano kujeru 40 gare ta, duk maza ne a kai, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a Fagge ko Gwale ya san tsawon layin mata.

Takardun alƙawari kam ba a rasa su ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1985, ta amince da yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka a 2004, ta kuma fitar da manufar ƙasa kan jinsi a 2006, wadda ta tanadi kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata. A watan Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar da wannan kaso. Har yanzu naɗe-naɗen gwamnati ba su kai can ba.

Ranar 1 ga Maris, 2022, mako guda kacal kafin bikin Ranar Mata, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata. Akwai na ƙarin kujeru na musamman, da na kason mata a shugabancin jam'iyyu, da na kason muƙaman ministoci da kwamishinoni, da wanda zai ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure, da wanda zai ba mijin 'yar Najeriya ɗan ƙasar waje damar zama ɗan ƙasa. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Majalisar Wakilai ta ce za ta sake duba uku daga ciki, amma wa'adinta ya ƙare babu wanda ya zama doka.

Lissafin jihohi 24

Ƙudurin kujerun mata ya dawo a majalisa ta 10, inda Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya jagoranci gabatar da shi. Abin da ya nema shi ne ƙarin kujerar sanata ɗaya da ta ɗan majalisar wakilai ɗaya ga kowace jiha da Abuja, da ƙarin kujeru uku a kowace majalisar jiha, waɗanda mata kaɗai za su yi takara a kansu na wani wa'adi, sannan a sake nazari.

Ko da irin wannan ƙuduri ya tsallake Abuja, sashe na 9 na kundin tsarin mulkin 1999 ya shar'anta amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi, wato 24 cikin 36. Kudu jihohi 17 gare ta. Ko duk sun amince, sai an samu aƙalla bakwai daga jihohin Arewa 19. Ma'ana, 'yan majalisar da babu mace ko ɗaya a cikinsu za su iya zama masu yanke hukunci na ƙarshe. Ɗan majalisar jiha kuwa ba jawabin otal yake saurare ba. Limamin unguwarsu yake saurare, da hakiminsu, da shugaban 'yan kasuwar garinsu, da matan da suka yi masa layi.

A nan ne kalmomi ke da tasiri. A 2016 Majalisar Dattawa ta ƙi ƙudurin daidaiton jinsi na Sanata Biodun Olujimi, bisa fargabar zai ci karo da hukunce-hukuncen addini, musamman na gado. Da ya dawo a 2021, wasu sanatocin Arewa suka ce sun yarda da adalci tsakanin maza da mata, amma kalmar daidaito ce ba su aminta da ita ba, aka sake jingine shi. Muddin ana kallon batun a matsayin kayan aro daga ƙasashen Turai, haka za a yi ta yi. Masu shirya tarukan Maris kuwa, da yawansu suna ƙarfafa wannan kallo ba da niyya ba: taken taron daga New York, jawabin da Ingilishi, kuɗin daga masu ba da tallafi na ƙetare.

Tarihin da ke hannu

Ga shi kuwa ƙasar Hausa ba ta rasa nata misalan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da wasu a waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali a ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta riƙa jagorantar mata zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. An zuba darussan cikin waƙa domin wadda ba ta iya karatu ba ta haddace, ta rera tana daka ko kaɗi.

Wani abin lura shi ne Nana Asma'u da kanta marubuciyar tarihin mata ce. Ta wallafa waƙar da ta jero mata salihai tun daga iyalan gidan Annabi (SAW) har zuwa matan zamaninta a ƙasar Hausa, ta kuma yi marsiyya ga matan da ba 'ya'yan sarauta ba, ciki har da wata jajinta da wata maƙwabciyarta. Abin da ake kira raya tarihin mata a yau, an yi shi a Sakkwato da Wurno fiye da shekara 150 da suka wuce, da harshen da matan ke ji, aka kai musu shi har tsakar gida. Har a Amurka akwai ƙungiyoyin mata Musulmi da suka ɗauki sunan 'Yan Taru da tsarinsu.

Kafin jihadi ma akwai Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka ambata, ko da yake masana sun saɓa kan ƙarnin da ta rayu. Akwai jerin sarakuna mata na Daura, da sarautun Magajiya da Iya, da Inna a Gobir, da Magira a Barno.

A siyasar zamani akwai Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU a Zariya, ta shugabanci reshen mata, ta je Abeokuta ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ke tsara gwagwarmaya. An ruwaito cewa sau 16 ana ɗaure ta. Abin da take nema wa matan Arewa har da ƙuri'a, domin matan Kudu sun kaɗa tasu a zaɓen tarayya na 1959, amma na Arewa sai a 1976 aka ba su dama, kundin 1979 ya tabbatar. Duk macen da ta dangwala yatsa a Kano ko Gusau a 2023 ta ci gajiyar wannan wahala, amma nawa ne cikinsu suka san labarin?

Jerin yana da tsawo. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar koyar da gini ta garin da yanzu ake kira Suleja a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma na bayan takardar Naira 20. Hafsatu Abdulwaheed, wadda littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980 ya buɗe wa marubuta mata ƙofa. Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta zama editar Sunday Triumph da New Nigerian, ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. Amina Mohammed, Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Babu ɗaya daga cikinsu da aka aro daga wata ƙasa.

Ina aka ajiye shi?

Matsalar ita ce inda wannan tarihi yake zaune. Rubuce-rubucen Nana Asma'u sun tsira ne a hannun zuriyarta, musamman a taskar marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu. Daga nan Jean Boyd ta yi binciken da ya haifar da littafin tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a babban kundi a 1997, wanda aka buga a Amurka. Labarin Baba ta Karo, Bahaushiyar da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta da Hausa tsakanin 1949 da 1950, ya fito da Ingilishi a 1954, kuma ya fi shahara a jami'o'in ƙetare fiye da ƙasar da aka ba da shi. Mai son sayen irin waɗannan littattafai a kasuwar Kurmi ko Sabon Gari zai sha yawo.

Cibiyoyin adana tarihi akwai su: Arewa House a Kaduna, da reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a garin, da Gidan Makama da Gidan Mambayya a Kano, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Abuja akwai Cibiyar Bunƙasa Mata ta Ƙasa, wadda ta samo asali daga shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, kuma tana da zauren karrama fitattun mata. Sai dai galibin masu shiga waɗannan wurare ɗaliban jami'a ne da manazarta. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ko malamar firamare a Funtuwa ba ta da dalilin zuwa, domin ba a shirya mata komai ba.

Sanya suna ma bai wadatar ba. Akwai asibitin Gambo Sawaba a Zariya, da kwalejin Sarauniya Amina a Kaduna, da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunayen waɗannan mata a jami'o'i. Suna a bakin ƙofa ba ya koyar da kowa idan babu ko allo ɗaya a ciki da ke bayanin mai sunan. Ƙari a kan haka, an shafe fiye da shekara goma ba a koyar da Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare kafin Gwamnatin Tarayya ta dawo da shi. Waɗanda suka yi karatu a wancan tsakani su ne matasan da ke zaɓe yanzu.

Akwai kuma tarihin da ba a rubuta ba sam. Cinikin da mata ke yi daga cikin gida, na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula da saƙa, da adashin da ya zama jarin gidaje da dama, duk ɗan kasuwa ya san nauyinsu. Waƙoƙin amada na su Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, cike suke da zancen sana'ar mata. Tsofaffin da suka yi zaɓen farko a shekarun 1970 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace ta tafi, da labarinta take tafiya.

Darasin 13 ga Mayu

Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya. Ranar 13 ga Mayu, 1991, dubban mata suka yi tattaki a Yamai domin mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, daga baya kuma aka ayyana ranar a matsayin Ranar Mata ta Ƙasa. A shekarar 2000 ƙasar ta yi dokar kaso, ta fara da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, ta ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Juyin mulkin Yulin 2023 ya rushe majalisar, kuma dokar kaso ba ta kawar da talauci ko ƙarancin karatun 'ya'ya mata ba. Duk da haka darasin yana nan: ranar da ake rayawa ta tsiro ne daga abin da matan ƙasar suka yi da ƙafafunsu, shi ya sa da wuya wani ya ce baƙuwa ce. Nijar ƙasa ce da mafi rinjayen al'ummarta Musulmi ne, Hausawa kuma su ne mafi yawa a cikinta.

A cikin gida ma akwai abin koyi. Jam'iyyar Matan Arewa ta kafu a Kaduna tun 1963. Ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 da Hajiya Aisha Lemu a matsayin shugabarta ta farko, ta gina makarantu da asibitoci, kuma tana magana da harshen da malamai ke girmamawa. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ta nuna cewa idan aka buɗe wa mata fili da Hausa, ɗaruruwa za su fito da alƙalaminsu. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne ɗorewa: ba aikin yini ɗaya ba ne.

Ƙorafin da ke da tushe

Masu adawa da ƙarin kujeru ba duka ne ke yi don ƙin mata ba. Wasu na cewa majalisar da ake kuka da tsadarta ba ta buƙatar ƙarin kujeru 74 a Abuja da 108 a jihohi. Wasu na fargabar kujerun za su ƙare a hannun matan manya da 'ya'yansu, ganin yadda kuɗin fom da na wakilan zaɓen fid da gwani suka fi ƙarfin talaka, namiji ko mace. Akwai saɓanin malamai kan shugabancin mace, wanda ya daɗe a littattafan fiƙihu. Akwai kuma mai cewa macen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta a Zamfara ba kujerar majalisa ce damuwarta ba.

Tarihi ba zai warware duk wannan ba, kuma kuskure ne a yi amfani da Nana Asma'u kamar ta yi fatawa kan kundin 1999. Ita malama ce, ba ta nemi sarauta ba. Abin da tarihin zai yi shi ne ya sauya wurin da ake fara muhawarar. Idan aka yarda cewa ilimin mace da muryarta a al'amuran jama'a gado ne na wannan ƙasa, sai gardamar ta koma kan tsari: kujeru nawa, na tsawon wane lokaci, wa zai biya, ta yaya za a hana manya mamaye su. Wannan gardama ce da za a iya yi a zauren majalisar jiha cikin mutunci. Game da matsalar tsaro kuwa, dokokin kula da zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira da kasafin asibitocin haihuwa duk a waɗannan majalisu ake yin su, kuma waɗanda abin ya fi shafa ba sa ciki.

Abin da za a iya yi da kuɗin yini ɗaya

Ba sai an jira sabon kasafi ba. Kuɗin hayar zauren otal da abinci da anko na yini guda zai iya buga dubban ƙananan littattafai da Hausar boko da ajami kan mata goma na jiha, a raba wa makarantun Islamiyya da na gwamnati. Zai iya ɗaukar nauyin shirin rediyo na mako-mako na tsawon watanni, tunda rediyo ne ke shiga ɗakin da jarida ba ta shiga. Sassan Tarihi da na Hausa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo za su iya tura ɗalibai da wayar hannu su naɗi muryoyin tsofaffin 'yan NEPU da NPC da PRP mata, da ungozomomi, da malaman makarantun matan aure, a adana a inda kowa zai saurara.

Cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi, waɗanda da yawansu ba a buɗe su sai ranar rabon kaya, za su iya zama wurin karatu da baje kolin hotuna da ba da shawarar shari'a kan gado da takardun fili da haƙƙin saki. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da suka saba gina masallatai da rijiyoyin burtsatse, ba zai gagare su ɗaukar nauyin kusurwar tarihin mata a gidan tarihin garinsu ba. Ma'aikacin da ke rubuta takardar neman kuɗin bikin Maris kuwa yana da ikon ƙara layi ɗaya: me zai rage bayan taron, kuma a ina za a same shi?

Jihohin Arewa za su iya zaɓen ranarsu ta tunawa, wadda za a ɗaura da rayuwar Nana Asma'u ko ta Gambo Sawaba, a yi ta a harabar makarantu da fadojin hakimai da kasuwanni, a gayyaci limamai da 'yan majalisar jiha su zauna su saurara. Ranar da ƙudurin kujerun mata ya iso gaban majalisun Kano da Katsina da Sakkwato, abin da 'yan majalisar suka ji a garuruwansu kafin ranar shi ne zai ɗaga hannuwansu ko ya sauke su.